Brothers in Arms: CD, kaset ko faifan garmaho, wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk inda masoya ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta Dire Straits suka zauna hirar abin da suka fara saya da kuɗin aljihunsu, da wuya a tashi ba a ambaci Brothers in Arms ba, kundin da ya fito a watan Mayun 1985. Kuma sai gardama ta kaure. Wannan ya ce waƙar Why Worry doguwa ce har ta sa mutum gyangyaɗi, wancan ya rantse ba ta kai minti shida ba. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kundi ɗaya ne da suna, amma wanda ya sayi faifan garmaho da wanda ya sayi CD sun koma gida da kaya daban-daban. Na jera bugun guda uku a kan lasifika ɗaya na saurara, ga abin da mai niyyar saye ya kamata ya sani.

Asalin bambancin tsawo ne. Waƙoƙi tara ne a kundin, kuma a CD suna cin kimanin minti 55. Gefe ɗaya na faifan garmaho mai juyi 33 da sulusi a minti yana ɗaukar abin da bai wuce minti 22 zuwa 25 ba idan ana son sauti mai kyau. Waƙoƙi biyar na gefen farko kuwa, da an bar su yadda suke, sun kusa minti 33. Sai aka sa musu almakashi har suka dawo wajen minti 25. Money for Nothing ta sauko daga minti takwas da ɗoriya zuwa bakwai. Why Worry ta yi asarar kusan minti uku, wato doguwar jelar kiɗan da ke ƙarshenta. Your Latest Trick ce ta fi ba ni haushi, don an yanke buɗewar ƙahon da Randy Brecker ya busa, sai waƙar ta faɗo maka kai tsaye kamar baƙon da bai yi sallama ba. Gefe na biyu ba a yi masa wannan aski ba.

Saboda haka hukuncina a kan CD mai sauƙi ne: shi ne gidan wannan kundin. An ɗauki sautin a situdiyon AIR da ke tsibirin Montserrat, da na'urar Sony ta dijital mai layi 24, Mark Knopfler, mawaƙin ƙungiyar, da Neil Dorfsman suka jagoranci aikin. Shi ne kundi na farko da ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a CD, kamfanin Philips ma ya ɗauki nauyin rangadin ƙungiyar na lokacin don tallata sabuwar fasahar. Abin da kunne ke ji shi ne sarari. Wurin da ya kamata a yi shiru, shiru ne tsit, sannan ganga ta faɗo da ƙarfinta. Wasu na cewa sautin ya cika tsabta har ya yi sanyi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, musamman a lasifika mai kaifin murya. Tsakanin tsohon bugu da wanda aka sake tacewa a 1996, kunnena ya fi karkata ga tsohon. Na 1996 an ɗan ɗaga masa ƙara, ya fi daɗi a mota, amma tsohon ya fi barin kiɗan ya numfasa idan ka murɗa ƙarar da kanka.

In na hannu za ka saya, ɗaga faifan ka kalli haske ta cikinsa. Ƙananan huji kamar na allura alama ce cewa rufin ƙarfen ya fara lalacewa, wannan ba ya gyaruwa. Mutane na duba ƙasan faifai su manta da samansa, alhali bayanan sun fi kusa da gefen rubutu, ƙarzuwa a can ta fi muni. A ƙasan kuma, zanen da ya bi da'ira ya fi wanda ya miƙe daga tsakiya zuwa baki ɓarna, shi ya sa ake goge CD daga tsakiya zuwa waje. Sannan CD daga ciki yake fara karatu, don haka lahani a bakin faifai waƙar ƙarshe yake ci, kuma a nan waƙar da aka sa wa kundin sunanta take. Ita za ka fara gwadawa kafin ka biya.

Kaset ɗin asali yana ɗauke da cikakkun waƙoƙin kamar CD, wannan ne kaɗai abin yabonsa a yau. Zare mai shekara arba'in ya gaji. Duba ɗan soson da ke danne zaren a jikin kan rikoda, sau da yawa gam ɗinsa ya bushe ya faɗi, sai sauti ya dusashe. Idan jita na rawa kamar mai jin sanyi, yawanci bel ɗin rikodar ne ya saki ko robar da ke jan zare ta yi santsi. Auduga da sifirit su ne maganin datti, bel kuwa sai canji. Wanda ke son ajiye shi don tuna baya, ya saya. Don sauraro kam, ban ba da shawara ba.

Faifan garmaho na 1985 shi ne mafi kyan riƙewa a hannu, jitar ƙarfe ta National tana shawagi a shuɗin sama a jikin kwalinsa. Sautinsa ma ba laifi, ya fi na CD taushi. Matsalarsa ita ce cunkoso. An matse layukan, ƙara ta ragu, kuma da allura ta kusanto tsakiya sai kaifin sauti ya fara dagulewa, daidai kan Why Worry a gefen farko. Allurar da ta ci ta ƙoshi tana ƙara ta'azzara abin. Ga allura irin AT-VM95E, nauyin giram 2 ake sawa, a auna da ɗan sikeli, kada a yi ƙiyasi. Rage nauyi da sunan tausaya wa faifai kuskure ne, allurar tsalle za ta riƙa yi a cikin layi tana yagar bangonsa. Mai son garmaho da cikakkun waƙoƙi sai ya nemi sabon bugu mai faifai biyu. Farashin ya fi, kuma za ka tashi juya faifai sau uku, amma an ba layukan fili.

Abu biyu ga mai zama a ƙasa mai zafi. Faifai a tsaye ake ajiye shi, nesa da taga, domin yini ɗaya a cikin mota ya isa ya lanƙwasa shi. Ƙurar hunturu kuma tana manne masa saboda bushewar iska, sai an bi shi da burushi mai laushi kafin kowane sauraro. Na biyu, a yi hattara da garmahon da aka kawo daga Amurka. Wutarsu bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 mai bugu 50. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar, amma idan injin na bin bugun wuta ne wajen juyi, faifan zai yi tafiyar hawainiya da kashi ɗaya cikin shida, muryar Knopfler da dama can take ƙasa-ƙasa ta ƙara nutsewa. A karanta farantin bayan garmahon, a tabbata an rubuta 50 kafin a yi ciniki.