Manomitar dijital mai araha: kafin ka yanka murfin injin jirginka ka fara sayen wannan

Ƴar na'ura ce kamar rimot ɗin talabijin, da baki biyu a sama inda ake cusa tiyo, aikinta kawai ta gaya maka bambancin matsin iska tsakanin wuri biyu. Masu gyaran AC da hita ne suka fi sayenta, ni kuma na saye ta ne saboda ƙaramin jirgin samana RV-6A da na haɗa a gareji nan Texas, mai injin Lycoming O-360, wanda silinda ɗinsa ke ɗaukan zafi in ina hawa sama da rani. Ƴan Kaduna sun san jirgin nan ai, shi ne aka gyara aka yi Air Beetle da sojojin sama suka yi ta koyon tuƙi da shi.

Kowa a filin jirgin shawararsa ɗaya, wai a ƙara faɗin bakin da iska ke shiga. To gaskiya ni ban yarda a sa zarto a jikin faiba da ka ba, don in ka yanka ka yanka kenan, kuma babban baki yana cin gudun jirgi. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, ta shiga ta gaba ta taru a saman silinda, ta kutsa ta tsakanin haƙarƙarinsu ta fita ta ƙasa, kuma abin da ke tura ta shi ne bambancin matsi tsakanin sama da ƙasa, ana so ya kai kusan inci 5 zuwa 6 na ruwa, wato tsayin ruwan da matsin zai iya ɗagawa a cikin tiyo. Matsalar ita ce in kana hawa a gudun nots 100 (ma'aunin gudun jirgi kenan) duka-duka ƙarfin da iskar ke bugowa da shi wajen inci 6.5 ne, ko ka buɗe baki kamar ƙofar gari ba za ka samu fiye da haka ba, saura ya rage naka kar ka zubar da shi a hanya. Lycoming sun sa jan layin zafin kan silinda a digiri 500 na Farenhait amma duk mai son injinsa ya daɗe ƙasa da 400 yake nema.

Na ja tiyo ɗaya saman injin ɗaya ƙasa, kowanne na huda masa ƙananan ramuka a ƙarshe na toshe bakinsa yadda iska ba za ta buga shi kai tsaye ba, na shigo da su cikin jirgi. Abin da ta nuna ya ba ni mamaki wlh, matsin sama lafiya lau, na ƙasa ne ya yi yawa, wato iska na shiga isasshiya amma tana sulalewa ta gefen robar bafil, wato shingen da ke tare iska a saman silinda, da wajen janareto ta cika ƙasan, ga mafitar kuma bututun salansa da ƙafar tayar gaba sun cinye ta. Jan silikon na toshe kafa da sabuwar roba da ɗan leɓe a bakin mafita, zafin ya sauka, bakin gaba yana nan yadda yake.

Amma fa tana da nata halin. Lambobin rawa suke yi saboda farfela, sai ka danna maɓallin matsakaici kafin ka karanta komai, kuma tana kashe kanta bayan ƴan mintuna, in ba ka cire wannan saitin ba kana tsakiyar hawa za ka ga allo ya ɗauke. Tiyon da ya zo a kwali ba na wajen zafi ba ne, ka nemi na silikon. Allon ma in rana ta haska shi da ƙyar ake gani, gara ka ɗau wani ya zauna gefe yana rubutawa kai ka ji da tuƙi. Kuma ka mayar da ita sifili kafin ka kunna inji.

Wasu dattawan masu haɗa jirgi tiyo mai ruwa a ciki suke amfani da shi har yanzu, ko tsohon agogon gudu, duk suna yi, ni dai ba na son ruwa na yawo a gabana cikin jirgi. Kuɗinta bai kai na cika tanki ɗaya da man jirgi ba, ka dai tabbata wacce za ka saya tana karanta inci na ruwa har 20 ko fiye don a tafiyar miƙe matsin saman yana wuce 10.