Zaɓen Kayan Koyar da Karatu Don Aji Ɗaya Zuwa Uku: Me Za a Fara Saya?

Duk shugaban makarantar firamare ko mai makarantar kuɗi da ya shiga shagon littattafai gab da sabon zango zai tarar da kaya iri-iri, kowanne mai sayarwa yana rantsuwa cewa shi ne zai buɗe wa yara ido, alhali kuɗin da ke hannu ba ya isa a sayi duka. Tambayar da ya kamata ta jagoranci zaɓin guda ce: shin wannan kayan zai kai yaro matsayin da zai haɗa baƙi da wasali, ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, ba tare da malami ya fara faɗa masa ba? Kayan da bai amsa wannan tambaya ba, kome kyan launinsa, sai ya jira.

A ganina, abin da ya fi cancantar kuɗin farko shi ne littafin koyon karatu na Hausa da aka tsara daki-daki, wanda ke zuwa tare da jagoran malami. Dalilin yana cikin rubutun bokon Hausa kansa. Wasulanmu biyar ne, kusan kowane baƙi yana riƙe da sautinsa duk inda ya bayyana, kuma yawancin gaɓoɓin kalmominmu baƙi ne da wasali, don haka yaron da ya san sautin n, k, m da a yana iya karanta Nana, kaka da mama tun a makonnin farko, kuma ya san abin da suke nufi, domin da su ya tashi a gida. Littattafan Mu Karanta, waɗanda aka samar a ƙarƙashin wani shirin hukumar raya ƙasashe ta Amurka don makarantun jihohin Bauchi da Sakkwato, a kan wannan tsari aka gina su, haka ma kayan shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da aka yi aiki da su a Katsina da Zamfara. Ta hannun hukumomin ilimi aka raba irin waɗannan littattafai, saboda haka yana da kyau a fara tuntuɓar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kafin a nufi kasuwa.

Idan kuwa sai an saya, akwai gwajin da ba ya ɗaukar lokaci. A buɗe darasi na biyar ko na shida, a duba ko dukkan kalmomin da ke shafin an gina su ne da haruffan da darussan baya suka riga suka koyar. Idan aka ga kalma irin ƙwanƙwasa ko tsintsiya a shafukan farko, to marubucin bai yi tunanin ɗan shekara shida ba, kuma yaran za su koma haddace shafi suna rerawa, malami yana zaton karatu suke yi. A kuma duba ƙugiyoyi da kyau. Littafin da ya buga ɓ, ɗ da ƙ ba tare da lanƙwasarsu ba, ko ya haɗe kalmomin da ya kamata a raba, yana dasa kuskuren da zai yi wuyar cirewa daga baya, kuma abin takaici ne yadda irin wannan bugu ya yawaita. Haruffa su kasance manya, layuka da tazara, hoton kuma ya taimaka wa ma'ana ba tare da ya ba yaro damar cankar kalmar ba.

Zaɓi na biyu da iyaye suka fi matsa wa makarantu a kai shi ne kayan koyon sautukan Ingilishi, musamman Jolly Phonics, wanda ya fito daga Ingila kuma aka horar da malaman gwamnati da dama a kansa a jihohin Nijeriya. Tsari ne mai kyau, yana koyar da sautuka 42 cikin rukuni bakwai, kowane sauti da waƙarsa da motsin hannunsa, kuma yara suna son sa. Sai dai an gina shi ne don yaron da yake jin Ingilishi tun daga gida. Yaronmu yana iya haɗa sautukan ya furta kalmar daidai, amma bai san me ya faɗa ba. Rukunin farko ma ya ƙunshi sautin p, wanda babu shi a jerin baƙaƙen Hausa, kuma yaranmu sukan gauraya shi da f. Makarantar da za ta saye shi ta tanadi lokaci na musamman don koyar da Ingilishi da baka, ta kuma sa kuɗin horar da malami a lissafi, domin katunan sautukan da ke zuwa da shi ba sa aiki a hannun wanda bai iya furta sautukan ba. Ni dai na fi son a ɗora shi a kan karatun Hausa da ya fara zama, tunda dabarar haɗa sautuka da yaro ya koya a harshensa tana binsa zuwa harshe na biyu.

Littattafan nan masu arha da ke jera harafi da hoton tuffa ko jirgin ruwa, da manyan takardun manna wa bango, ado ne kawai ga aji. Sunan harafi suke koyarwa, ba sautinsa ba. Malami mai himma zai yanka kwali ya rubuta baƙaƙe da wasula da kansa, ya sami katunan haɗa gaɓa da suka fi su amfani.

Kwamfutar hannu da manhajojin waya kuma a yi musu lissafin gaskiya: caji, gyara, tsaro, da yawan yaran da za su yi layi a kan guda ɗaya. Kuɗin na'ura ɗaya zai sayi littattafai masu yawa. Inda intanet ke da amfani sosai shi ne samo labarai, domin shafuka irin su African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labaran Hausa da aka ba da izinin saukewa da bugawa kyauta, an kuma jera su bisa matakin wahala. A karanta kowane labari kafin a buga, saboda wasu fassarorin suna buƙatar gyaran ƙa'idar rubutu. Labaran suna da muhimmanci, domin yaron da ya iya haɗa gaɓa amma bai da abin karantawa, saurinsa ba ya ƙaruwa, kuma wanda ke jan kalma da ƙyar yakan manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta.

Akwai kuma makarantun da matsalarsu tana aji huɗu da biyar, inda yara suka wuce ba su iya karatu ba. Su ba sabon littafin aji suke bukata ba. Tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, wanda ake aiki da shi a wasu jihohin Arewa, yana gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko harafi yake iya ganewa, ko kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari, sannan a haɗa yara bisa matakinsu ba bisa ajinsu ba. Abin da ake kashewa a nan lokacin malami ne da 'yan takardu.

Wajen yawan da za a saya, gara littafi mai sauƙin bugu a hannun kowane yaro da littafi mai sheƙi guda goma a kulle a ofishin hedimasta. A zaɓi wanda aka ɗinke da zare ko ƙarfe maimakon na gam, a sayi jagoran malami ga kowane malamin aji, a kuma amince wa yara su tafi da littafin gida, ko da wasu za su dawo da shi a yage.