Onle da aka saka min a turmi, ga yadda na same shi

In aka ce in ba aikin onlen nan maki, wato ɗan murfin da aka ƙera aka manna min a haƙorin turmi, zan ba shi takwas cikin goma, biyun da na rage kuma ba laifin abin ba ne, laifin tsada ne da nisan mu nan Garwa da inda ake ƙera shi.

Turmi na ne na ƙasa ta hannun dama, yana da tsohon ciko irin baƙin nan da ake kira amalgam tun ina budurwa, sai gefe ɗaya na haƙorin ya ɓalle ya bar wani kaifi yana yankar min harshe. Wurin da na fara zuwa ko hoto ba su ɗauka ba suka ce a cire kawai a huta, ni kuma raina bai kwanta ba, haƙorin da ba ya hana ni barci don me za a tumɓuke shi. Wani likitan daban shi ya yi min radiyo, wato hoton haƙori, ya ce Hajiya jijiyar nan lafiyarta lau, ramin ne dai ya yi faɗi da yawa, in aka sake cika shi da ciko na yau da kullum bangon da ya rage siriri ne, wata rana kina tauna zai tsage. In kuma kuron za a yi, wato a rufe haƙorin gaba ɗaya, dole a goge shi ta kowane gefe har da inda ba abin da ya same shi. Sai ya kawo maganar inle da onle. Inle yana zama ne a cikin ramin tsakanin tudun haƙori, onle kuma yana hawa ya rufe tudu ɗaya ko fiye, nawa tunda tudu ne ya karye onle ya kama ni. Dukansu ba a baki ake gina su ba, awo ake ɗauka a ƙera a labo, wato ɗakin da ake ƙera haƙora, sannan a manna.

Ranar awon nan kam na ji jiki. Allurar kashe zafi da fafe tsohon cikon duk ba komai ba ne, amma da ya ciko wani faranti mai siffar muƙamuƙi da abu mai danƙo kamar ƙullin fanke ya danna min a baki ya ce kar ki motsa, yawu na zuba ta gefe, amai na taso min, yarinyar da ke taimaka masa tana ta cewa sannu Mama ki yi numfashi ta hanci. Da ya ciro sai ga haƙorana duka sun fito a jiki har da ramin. Daga nan ya jera wasu ƙananan haƙoran roba kusa da nawa yana neman launin da ya dace, ya ma tsokane ni wai goro ya sa sai ya gangara can wajen masu duhu.

Awon Yawunde aka tura, kuma a nan matsalar take. Lokacin da aka ɗibar min ya wuce nesa ba kusa ba, yau a ce kaya na hanya gobe a ce mai aikin bai gama ba, ni kuma ina yawo da cikon wucin gadi wanda ya fita ina cin tuwo, tuwo fa ba nama ba, sai da na koma aka sake sa wani. Likitan ya ce akwai injin da ake kira CEREC, tun 1985 aka fara aiki da shi a Zurich ta ƙasar Suwizalan, kamara ke ɗaukar haƙorin kwamfuta ta zana injin ya sassaƙa a zama ɗaya, amma shi ba shi da shi.

Na tangaran na zaɓa. Akwai na roba mai tauri da ya fi sauƙin kuɗi, akwai kuma na zinare wanda ya ce shi ne ya fi daɗewa, tun 1907 wani likita Taggart a Amurka ya fito da hanyar zuba shi. Mijina yana jin zinare ya ce haƙorin Makka za ki saka ke nan, alhali wancan ado ne a gaba, wannan kuwa can ciki yake ba mai ganinsa. Duk da haka kuɗin da na biya ya ninka na ciko sau da yawa, wallahi sai da na taɓa kuɗin adashe.

Sakawar ba ta ɗau lokaci ba. Ya gwada, ya ba ni wata shuɗiyar takarda in cije, inda ya yi tsayi ya goge, ya manna ya haska masa shuɗiyar fitila. Makonnin farko ruwan sanyi na tsira min har ƙwaƙwalwa, kuma kun san zafin Garwa ba a zama ba ruwan firij, amma a hankali ya daina. Yanzu ina cin kilishi da gyaɗa ta wannan gefen, abinci ba ya maƙalewa, harshe ma ba ya gane inda aka haɗa. Ƙashi da ƙanƙara dai ya hana ni, ya kuma ce tsutsa na iya shiga ta bakin mannin in ba a wanke da kyau, don haka asuwaki kaɗai bai isa ba, sai da buroshi da zaren sakace.

Na tambaye shi ko a cire min ɗayan baƙin cikon na hagu tunda an ce kusan rabinsa sinadarin makuri ne, har Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga Janairun 2025 sai in da larura. Ya ce wanda ke zaune lafiya a bar shi, fafe shi ba dalili cin haƙori ne kawai. Na ji daɗin wannan amsa don da mai son kuɗi ne da cewa zai yi kawo.

Wanda zai yi, tun kafin ya buɗe baki ya tambayi a ina labon yake, kuma in abin ya zo bai shiga daidai ba wa zai biya kuɗin sakewa. In ramin ƙarami ne kuwa kar ma ka wahalar da aljihunka, ciko ya wadatar.