Shagon da ya hana ni sayen sabon kafireto

Babur ɗin na kawuna ne, Jincheng AX100 ja, wanda ya yi acaɓa da shi shekara da shekaru. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa. Kawu ya koma tuƙin Adaidaita Sahu, babur kuwa aka jingine shi a soro aka lulluɓe da tsohuwar tabarma, ya yi fiye da shekara goma a nan. Ranar da na ce ina so in tayar da shi da hannuna, Kawu ya miƙo min makulli ya ce, "Ga shi, in ya tashi naka ne."

Ni tela ne. Keken ɗinki na san cikinsa da wajensa, amma a babur iyakata sauya filogi da ɗaure cen. Kusan duk kayan gyaran a shago ɗaya na saya, a layin 'yan babura da ke Fagge. Ɗan ƙaramin shago ne, ko allo babu, kwalaye tun daga ƙasa har rufi, sai benci ɗaya a ƙofa. Mai shi dattijo ne da ya yi kanikanci kafin ya koma sayar da kaya, yana da yara biyu masu taya shi.

Zuwana na farko da doguwar takarda na je: kafireto, fistin, ringi, kwil, cen, komai sabo. Ya karanta har ƙasa, ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, ka buɗe injin?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To wa ya gaya maka waɗannan sun mutu?"

Abin da ya yarda ya sayar min ranar bai wuce filogi ɗaya, da tiyon mai, da 'yar matatar mai ta roba, da man giya, da kwalbar man inji na 2T ba. Ya ce in kwance kafireton in kawo masa ya gani. Na fito raina bai so ba, don na ɗauka ya raina aljihuna ne.

Washegari na kai masa. Ya shimfiɗa kwali a kan benci ya kwance ƙoƙon ƙasa, sai ga fetur ɗin da ya kwana shekaru a ciki ya daskare, ya yi ja kamar ƙaro, warinsa har hawa kai yake. Ya zaro ƙaramin jet, wato ɗan abin da fetur ke bi ta raminsa, ya ɗaga shi sama ya ce in leƙa. Ko ɗigon haske ba ya wucewa. Nan take hannuna ya kai ga allurar da ke soke a hulata, ya riƙe min hannu. Ya ce jet tagulla ce mai laushi, allura za ta faɗaɗa ramin, daga nan babur ya shiga shan mai ba ƙaƙƙautawa, filogi kullum baƙi ƙirin. Ya sa aka jiƙa shi a fetur, ya zare sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki ya zura a hankali, ya hura. Haske ya wuce. Sabon kafireto na nan a kan kanta a bayansa, hannu kawai zai miƙa, amma ya ce wanda ya zo da babur ɗin ya fi shi, in riƙe abina. Ko sisi bai karɓa ba. Wannan ne ya sa na daina leƙa wasu shaguna.

Tankin mai ya yi tsatsa a ciki. Ya ce in zuba tsofaffin notuna da kalanzir in yi ta girgizawa, in zubar, in sake, har ruwan ya fito fes. Sau biyar na yi.

Inda na fi cin moriyarsa shi ne a injin. Kik ɗin ya ƙame, ko motsi ba ya yi. Ya ce kada in kuskura in hau shi da ƙarfi. In cire filogi in ɗura mai ta ramin in bar shi ya kwana uku. Ya saki kuwa, sai dai kik ɗin ya yi laushi, ba ƙarfin iska. Na kwance silinda na kai masa. Ya zura ɗan yatsa ciki, ya ja farcensa a bango, na ji farcen yana karo da zane. Ya ce duk zanen da farce ya kama, sabon ringi kaɗai ba zai rufe shi ba, sai an faɗaɗa. Faɗin silindar AX100 milimita 50 ne tun daga kamfani, tawa kuma sai an ƙara mata milimita 0.50. Ya ce in fara sayen fistin, sannan in kai su tare wurin mai injin faɗaɗawa, don ramin ake yi wa fistin daidai da shi. Da ban ji wannan ba, da na yi akasin haka.

Fistin iri uku ya jera min a kan kwali. Ya nuna na farko ya ce wannan na mai son ya lallaɓa babur ya sayar ne. Na biyu ya ce shi yake ba 'yan haya. Na uku ya fi tsada, ya kuma ce gaskiya bambancinsa da na biyu bai kai bambancin kuɗinsu ba. Na ɗauki na tsakiya. Kafin in tafi ya nuna min kibiyar da ke kan fistin, ya ce salansa take kallo, ya kuma sa na shafa ɗan ƙaramin tsinken ƙarfen da ke cikin kowane kwarin ringi. A nan bakin ringi ke haɗuwa. In ka kauce masa, ringi zai kama bakin ramin hayaƙi ya karye a cikin injin. Ranar haɗawa na duba tsinken nan ya fi sau goma.

Akwai kuma maganar 2T. Injin irin wannan ba shi da baƙin mai a ƙasansa kamar na Boxer. Man da ke tsare fistin tare da fetur yake ƙonewa, shi ne hayaƙin nan mai shuɗi da muka taso muna gani a titunan Kano. Babur ɗin na da ɗan tankinsa na 2T da famfon da ke turawa, amma Kawu, kamar 'yan acaɓa da yawa, ya cire tiyon yana haɗawa a tanki. Baba ya ce duka biyun suna yi, matsalar haɗawa da hannu ita ce ranar da ka manta. Na zaɓi in mayar da famfon. Ya ce in fitar da iskar da ke cikin tiyo tukuna, tankin farko kuma in ɗan haɗa da hannu har in tabbatar famfon yana turawa.

Shagon yana da nasa aibun, kuma ya taɓa min aljihu. Ɗaya daga cikin yaran ya haɗa min ringi na asalin girma da fistin 0.50, ban lura ba sai da dare a gida. An canza min ba gardama, amma yini guda ya tafi. Wanda ya fi ciwo shi ne kwil. Ƙa'idarsu kayan wuta in sun fita ba sa dawowa, an kuma gaya min tun kafin in biya. Wanda na saya yana ba da wuta da sanyi, da ya ɗauki zafi sai ya ɗauke. Kuɗin ya tafi, na sake sayen wani. Shagon da ba ya karɓar kaya ya kamata ya tanadi abin gwada su a gaban mai saye, na kuma faɗa wa Baba haka. Ya saurara, bai ce komai ba. Farashi ma ba a rubuce yake ba, abin da yaro zai faɗa maka yakan ɗara na maigidan. Ka jira shi. Da safe kanikawa sun cika ƙofar, ba zai sami sukunin yi maka bayani ba, bayan La'asar ya fi. Kayan jiki irin su kujera da murfin gefe ba ya ajiyewa, wurin 'yan gwanjo ya tura ni.

A kik na bakwai babur ya tashi, wata Juma'a da yamma. Hayaƙi ya turnuƙe soron, yara suka fito da gudu, Kawu ya dafa kujerar ya tsaya yana sauraron ƙarar injin, ya daɗe bai yi magana ba. Yanzu a hankali nake tafiya da shi, daga gida zuwa shago, kamar yadda Baba ya ce in yi har sabon fistin ya zauna. Birkin gaba bai gama kamawa ba. Ranar Asabar zan kwance ƙafar in kai masa ya duba kafin in sayi komai.