Spiderweb Software: wasanni ne na mai haƙurin karatu

Tun 1994 Jeff Vogel ya kafa Spiderweb Software, ƙaramin kamfani mai zama a birnin Seattle na Amurka, kuma har yau shi ke rubuta labarin wasanninsa, shi ke tsara manhajarsu. Wasannin irin waɗanda ake kira RPG ne: ka shiga rigar jarumi, ka tafi da ayarinka cikin wata duniya ta ƙirƙira, ka yi magana da mutane, ka yi yaƙi, ka yanke hukunci. Na farkonsu, Exile: Escape from the Pit, ya fito a 1995 bisa tsarin ɗanɗana kafin ka biya. Ana ba ka babban yanki kyauta, in ya yi maka ka sayi sauran. Kamfanin bai bar wannan al'ada ba, kuma ita ce dalilin farko da ya sa ya cancanci a gwada shi.

Gaskiya ɗaya ce, hoton ba ya burge ido. Daga sama kake hango 'yan ƙananan mutane, babu muryar 'yan wasa, kiɗa ma kaɗan ne, yawanci sai ƙarar ruwa da iska da takun ƙafa. Hoton dodon da ka gani a wannan wasa za ka sake cin karo da shi a wancan. Amma rashin kwalliyar ne ya sa tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ke ɗaukar su ba tare da ta yi zafi ba, kuma da zarar ka sauke ba ka buƙatar intanet. Ana samun su a Windows da Mac ta Steam ko GOG, wato shagunan sayar da wasanni a intanet, da yawa kuma a iPad.

Inda kamfanin ya fi nuna ƙwarewa shi ne Geneforge, wanda ya fara fitowa a 2001, ya kai kashi biyar, sannan aka sabunta na farkon a 2021 da sunan Geneforge 1 - Mutagen. Kai ɗalibi ne a ƙungiyar Shapers, matsafa masu ƙera halittu masu rai. Aka nutsar da abin hawanka a teku, ka tsinci kanka a tsibirin Sucia da aka haramta shiga. A can ka tarar da bayin da magabatanka suka ƙera suka watsar, sun rabu gida uku. Obeyers na nan suna jiran iyayengijinsu su dawo, Awakened na son a zauna da su a matsayin daidai, Takers kuwa sun ce 'yanci ƙwatarsa ake yi. Kowane ɓangare na da hujjar da za ta tsaya maka a rai, kuma wanda ka bi shi ke sauya ƙarshen labarin. Ba a rubuta ɗaya fari ɗaya baƙi ba, nan ne daɗin yake.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi a nan shi ne cika fili da halittu. Kowace halitta tana riƙe wani kaso na ƙarfin da wasan ke kira essence, kuma da wannan ƙarfin kake yin wasu tsafe-tsafen, har da na warkarwa. In ka ƙera fyora huɗu, wato ƙadangarun nan masu tofa wuta, sai ka rasa abin jinyarsu idan faɗa ya yi tsami. Biyu masu ƙwari sun fi huɗu raunana. Kada kuma ka raina fasahar iya magana da ta sarrafa na'urori, domin suna buɗe ƙofofi da hanyoyin da takobi ba zai buɗe ba.

Avernum shi ne Exile a sabuwar riga. An sake gina shi a 2000, aka kuma sake a 2011. Daula ta jefa ku cikin kogunan ƙarƙashin ƙasa, babu hanyar komawa. Exile na ba ka mutum shida, Avernum ya rage su zuwa huɗu. Tsarin da ba ya ba da kunya shi ne mayaƙa biyu a gaba, mai warkarwa da matsafi a baya. Faɗan bi-da-bi ne, babu gaggawa, don haka tare bakin ƙofa da mayaƙanka ka bar abokan gaba su zo ɗaya bayan ɗaya. Wasan ba ya hana ka kutsawa inda ya fi ƙarfinka. In aka shafe ayarinka cikin zagaye biyu, koma wani wurin ka ƙara ƙarfi tukuna, kuma ka riƙa adana wasa a gurabe daban-daban. Matakan wahala huɗu ne, na ƙarshen, Torment, ba na mai farawa ba ne.

Avadon na 2011 ya fi sauƙin shiga, ayarin mutum uku ne, sai dai hanyarsa a miƙe take, 'yancin yawo ya ragu. Queen's Wish na 2019 ya raba kan masoya: kashe dodanni ba ya ƙara maka daraja sai ka kammala aiki, in kuma ka fice daga kogo kafin ka gama, abokan gaba su dawo. Ladansa shi ne kana iya sake rabon fasahohinka ba tare da ka faro wasan daga tushe ba.

Aibin da ya game su duka shi ne faɗace-faɗacen cike gurbi. A tsakiyar wasa za ka yi ta kashe irin dodo ɗaya har ka ƙosa. Sai kuma harshe: komai da Turanci yake, sakin layi bayan sakin layi, wanda ke tsallake rubutu ya zubar da abin da ya biya kuɗi dominsa. Sababbin na kaiwa wajen dala 20, tsofaffin ƙasa da haka, kowane kuma zai ci maka sa'o'i gommai. Mai son farawa ya sauke ɗanɗanon Mutagen daga shafin kamfanin, ya buga har ya isa garin Vakkiri ya saurari bayin da ke can, kafin ya ciro ko sisi.