Zambezi, Jinja ko Antaliya: Ina Za Ka Kai Kuɗinka In Kana Son Tuƙin Jirgin Roba?

In ka ga bidiyon mutane takwas a jirgin roba, kowa da hular kwano da filafili a hannu, ruwa na wurgi da su tsakanin duwatsu, har ka ji kai ma kana so, to ka fara sanin matakan ruwa kafin ka tambayi farashi. Masu wannan sana'a sun raba haukan kogi gida 6. Mataki na 1 da na 2 yaro ma zai iya. Na 3 zai jiƙa ka sharkaf, ya ɗan kaɗa maka hanji. Na 4 da na 5 su ne inda jirgi ke kifewa da gaske, sai da ƙwararren jagora. Na 6 kuwa ba kamfanin kirki da zai saka baƙo a ciki. Duk tallan da bai faɗi matakin ruwansa ba, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ni dai ba na ɓoye zaɓina: Zambezi. Daga gindin magangarar ruwa ta Biktoriya, wadda faɗinta ya haura mita 1,700, tsayinta kuma ya kai mita 108, kogin gaba ɗayansa yake matsewa ya shige kwazazzabon Batoka, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Bangon baƙin dutse hagu da dama, sama ta koma 'yar siririya a kanka. Tun 1981 aka fara bi ta nan da jirgin roba, kuma gangarorin, wato wuraren da ruwa ke haukacewa tsakanin duwatsu, sun samu lamba da suna. Ana farawa daga Boiling Pot, kusa da tsohuwar gadar da aka gama a 1905. Ta 5, Stairway to Heaven, sai ka ga hancin jirgi ya nufi ƙasa, gabanka kuma tudun ruwa ya miƙe ya fi ka tsayi, jagora na ihu a durƙusa a riƙe igiya. Ta 7, Gulliver's Travels, doguwa ce mai lanƙwasa, nan ake gane jagoran da ya san aikinsa. Ta 9 ba a shiga da baƙi, sauka ake yi a taka ta kan dutse a wuce ta. Ta 18, Oblivion, ta yi suna wajen kifar da jirage.

Abin da ya sa na fifita shi ba girman igiyar ruwan kaɗai ba ne. Zambezi kogi ne mai zurfi da yawan ruwa, kuma kusan bayan kowace gangara akwai gurbi mai natsuwa. In ka faɗa, ruwa ya juya ka ya tofo ka, za ka tarar da wuri shiru inda za a tsamo ka kafin a shiga ta gaba. Ƙananan kogunan tsaunuka ba haka suke ba: ruwa kaɗan, dutse ko'ina, gangara na bin gangara ba hutu, kuma dutsen ne ke fasa gwiwa. Sannan ruwan Zambezi ba ya da sanyin ƙanƙara, wanda ga ɗan ƙasar zafi ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ka kula da wata. Daga wajen Agusta zuwa Disamba ruwa yana ƙasa, duwatsun da ke haifar da gangara suna aiki sosai, ana kuma farawa tun daga ta farko. Lokacin cikar kogi sai a tsallake gangarorin sama a fara daga tsakiya, wajen Afrilu zuwa Mayu ma akan dakatar da harkar in ruwa ya yi yawa. Wanda ya sayar maka da "cikakkiyar rana" a watan Maris ba tare da ya gaya maka daga lamba nawa za a fara ba, ya rage maka rabin kaya. Akwai kuma hawan fita daga kwazazzabon bayan an gama, tudu ne a tsaye na kimanin mita 200, da rana tsaka, jiki ya riga ya mutu. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya tambayi yadda ake fita tun kafin ya biya. Galibi ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba. Za ka iya kwana a Livingstone ta ɓangaren Zambiya ko garin Victoria Falls ta Zimbabuwe, kogin dai ɗaya ne. Kuma akwai shirin gina madatsar lantarki mai megawat 2,400 a kwazazzabon, wadda in ta tabbata za ta shanye da yawa daga gangarorin ƙasa. Mai niyya kada ya yi ta jan ƙafa.

Na biyu a wurina Jinja ce ta Yuganda, inda Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya, kimanin kilomita 80 daga Kamfala. Ga ɗalibanmu da ke karatu a Kamfala ko Mbale, wannan ce mafi sauƙi, tafiyar ƙarshen mako ce. Ruwan ɗumi ne, da zurfi, ana yi kusan duk shekara, akwai mataki na 5. Sai dai ba kwazazzabo ba ne, fili ne mai tsibirai da dogayen wurare shiru, kuma madatsu biyu sun ci mata tuwo a ƙwarya: Bujagali a 2012, Isimba a 2019. Hotunan da wasu ke talla da su na gangarorin da yanzu ke kwance ƙarƙashin tafki ne.

Kwazazzabon Koprulu da ke Antaliya a Turkiyya yana da kyan gani, ga tsohuwar gadar Rumawa, ga araha, amma mataki na 2 zuwa 3 ne, ruwan sanyi ƙarara, jirage kuma cunkus. Na iyali ne. Rishikesh ta Indiya a kan kogin Ganga ba laifi in dama kana can, ana rufewa da damina. Sagana ta Kenya sai yadda ruwan sama ya yi da ita. Grand Canyon ta Amurka kwanaki ake yi a ciki, ga tsada ga wahalar biza, a bar wa masu hali.

To amma kogi ba shi ke cutar mutum ba, mai jirgin ne. Nan nake so ka buɗe kunne.

Kada ka biya ɗan kamasho a bakin otal ko a tasha. Ya nuna maka bidiyon wani babban kamfani a wayarsa, ya karɓi kuɗi, da safe wata motar daban ta zo ta kai ka wurin wasu mutanen daban. An taɓa haɗa ni da irin waɗannan. Rigar kariyar da aka miƙo mini ta koɗe ta yi fari, soson cikinta ya lotse, maɓallin ƙirji ya karye an ɗaure wurin da igiyar leda. Da na yi magana sai yaron ya ce ai kowa haka yake sakawa. Na ƙi hawa, kuɗina kuma ba su dawo ba. Mu da muke jin labarin kifewar kwale-kwale a Neja da Kebbi da Sakkwato kusan kowace damina, mun san abin da rashin rigar nan ke jawowa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Ka saka rigar, a ja duk maɗaurai har numfashi ya ɗan matse, sannan wani ya kama kafaɗunta ya ɗaga da ƙarfi. In ta zamo ta haura kunnuwanka, a ruwa ma haka za ta yi, kai kana ƙasa ita tana sama. Kuma da kafaɗun nan ne ake fizgo mutum cikin jirgi. Hular kwano kada ta yi rawa in ka girgiza kai, kada ka karɓi mai tsagewa. Ka danna jikin jirgin da gwiwa, ya kamata ya yi tauri. Faci ɗaya ko biyu ba komai, amma wanda ake ta bi da famfo tun ba a tashi ba, ka bar shi.

Tambaya ta gaba: masu ceto nawa ne za su bi mu? A ruwa mai mataki na 4 da 5 dole a samu masu ƙananan kwale-kwalen mutum ɗaya da ke riga jirgi sauka, su jira a ƙasan gangara don tsamo wanda ya faɗa. Kamfanin da ya ce jagora shi kaɗai ya isa, albashin mutum biyu yake tsimi da ranka. Ka tambayi shaidar horon jagoran. Da yawa daga nagari suna riƙe da ta International Rafting Federation, ƙungiyar masu tuƙin jirgin roba ta duniya, kuma mai ita ba ya jin haushin a tambaye shi. Ka lura da bayanin da za a yi kafin a shiga ruwa. In an yi shi da kyau za a nuna maka yadda ake rufe kan filafili da tafin hannu don kada ka fasa wa na kusa haƙori, yadda ake kwanciya rigingine ƙafafu gaba in an faɗa, da dalilin da ya sa ba a taɓa miƙewa tsaye a ruwa mai gudu: ƙafa ta maƙale a dutse, ruwa ya danne mutum. In aka gama bayanin cikin minti biyu ana dariya, ka san da wa kake tare.

Sai cutar kuɗi. Farashin kirki a Zambezi da Jinja yakan haura dala 100, don haka wanda ya zo maka da rabin wannan, araha ba ta ado. A rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: mota, abinci, kuɗin shiga gandun gwamnati, hotuna. A Antaliya musamman, kuɗin hawa kaɗan ne, a hoto da bidiyo da takalmin ruwa ake fanshewa. Akwai shafukan bogi a Facebook da Instagram masu satar hotunan kamfanonin gaske su nemi kafin alƙalami ta asusun wani mutum. Ka nemi ofishi mai adireshi, ka biya da kati ko a hannu a can. Inshorar tafiya ma ka karanta ta, da yawa ba sa biya in hatsarin ya faru a mataki na 4 ko 5 sai an ƙara kuɗi.

Ka tafi da katin rigakafin shawara da maganin zazzaɓin cizon sauro. Yawancin kamfanoni na rufe ranar da gashi da giya, saboda haka ka gaya musu tun wajen biya cewa lemo kake so da abincin halal ko kifi. Hajiya kuma, dogon wando mai kama ƙafa da riga mai dogon hannu sun wadatar, da ƙaramin hijabi mai lafewa a ƙarƙashin hula. Mayafi mai yawo da zani suna iya sarƙewa a igiyar jirgi, a bar su a mota tare da kayan canji.