Majigin ajinmu da shagon da ya haɗa mana shi

Shagon yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kayan sola da kwamfuta suke sayarwa, kuma su suka haɗa mana majigi a ajin da nake koyar da ilmin halittu. Yaron da suka turo bai ko buɗe kwali ba sai da ya zagaya ajin. Ya je can baya inda dogaye ke zama, ya duba, ya ce, "Malam, tagar gabas ɗin nan ce za ta ɓata maku aiki." Gaskiyarsa kuwa, don hantsi na shigowa ta nan hoto ya dusashe ke nan.

Ya sa muka juya kujeru suka fuskanci bangon da ba taga, aka shafa masa farin fenti maimakon sayen allo na musamman, aka ɗinka labule mai kauri. To amma a Katsina, watan Afrilu, zafi na haura digiri 40, wa zai rufe wa yara taga babu fanka? Shi ya sa ya hana mu ɗaukar majigi mai ƙwan fitila, wanda kan ja kusan wat 300, ya ce mu ɗauki na LED don inbata ta iya ɗaukar shi tare da fankoki. Wannan shawarar kaɗai ta biya kuɗin aikinsa.

Amfanin kuwa na gan shi ranar darasin zuciya. Shekaru ina zana ɗakunanta huɗu da alli, ina ja da kibiya, yara na kwafa ba tare da sun gane ba. Da suka ga tana bugawa, jini na fita zuwa huhu yana dawowa, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ashe zagaye biyu yake yi!" Ina kuma haska masu tambayoyin gwaji, tunda tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, gara idonsu ya saba. Baƙin allona dai yana nan gefe, ban yarda an cire ba, lissafi da gyaran kuskure sai da alli.

Inda suka gaza: muryar majigin ba ta wuce layi na uku, kuma ba su faɗa mana ba, sai daga baya muka sayi lasifika. Da hunturu ya kama, ƙura ta toshe ramukan iskarsa, ya riƙa zafi yana kashe kansa ana tsakiyar darasi. Na yi ta kira, kullum "gobe insha Allahu", kafin a zo a busa shi.

Duk mai son aikinsu ya je, sun iya. Amma a sa lasifika da sharar ƙura cikin ciniki tun farko, kuma a rubuta a rasit.